Idan Ƙaura Ta Kama, Kada a Manta da Karen Gida

Yau hirarmu a kan tashi ce daga wani gida zuwa wani, da kuma wani ɗan gida da ba a cika tunawa da shi ba sai an gama ɗaure kaya, wato kare.

Mu a wannan yanki ƙaura ba baƙuwarmu ba ce. Tun bayan harin da 'yan bindiga suka kai Wurma a watan Agustan 2019, da ire-irensa a ƙauyukan da ke kewaye, magidanta da yawa sun kwashe iyalinsu zuwa Kurfi ko Dutsin-Ma ko cikin Katsina. Wasu kuma neman abinci ne ya kai su, musamman tun da aka kafa jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011. To a irin wannan tashi akan lissafa awaki da kaji da tukwane, shi kuwa karen da ya kwana yana gadi shekara da shekaru sai a ce ai zai bi sawu. Malamanmu sun halatta ajiye kare don gadi ko kiwo ko farauta, sun kuma karantar da mu cewa dabbar da ke hannun mutum amana ce.

Abin da ya kamata ki fara sani, uwargida, kare da hanci yake gane gida. Warin zaure, warin turken awaki, wurin da yake fitsari, su ne alamun da ke gaya masa nan ne gidansu. Ranar da aka sauke shi a sabon wuri duk waɗannan sun ɓace. Shi ya sa za ki ga ya ƙi cin abinci, ya yi ta kai da komo, ko ya kwana yana kuka. Wasu kan ce ya ga aljanu, ko yana kiran mutuwa. A'a, kewa ce da tsoro. Duka kuwa ƙara masa tsoron yake yi, sai ya tsinke ya kama hanyar tsohon gida.

Maganin yana hannunki, domin ke ce kullum a gida, kuma hannun da ke zuba masa abinci shi ya fi sani. Kafin ranar tashi, ki ware buhu ko tsumman da yake kwanciya a kai, da kaskon da yake ci a ciki. Kada a wanke su, kada a ce sun tsufa a yar. Warin da ke jikinsu shi ne zai fara kwantar masa da hankali a can.

Ran tafiya kada a cika masa ciki, don jijjigar mota kan sa shi amai. Ruwa dai a ba shi. A tafi da sassafe ko da la'asar sakaliya, saboda kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake rage zafin jikinsa, kuma rana a bayan a-kori-kura tana iya halaka shi. Yaron da ya fi sabawa da shi ya zauna kusa, ya riƙe igiya.

Da an isa, ki sa a zaɓa masa wuri mai inuwa kusa da zaure, nesa da randar ruwa da madafa da inda ake salla. A shimfiɗa masa buhunsa, a ɗaure shi da igiya mai tsawo kamar na mako biyu, amma safe da yamma a zagaya da shi bayan gida yana shinshine-shinshinensa. Da haka yake sanin iyakar sabon gidan. Abinci kuma a ba shi a lokacin da ya saba, irin wanda ya saba, ko ƙanzo ne ko sauran tuwo. A kiyaye shi da ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soke shi, sannan albasa mai yawa tana lalata masa jini. Idan an zuba maganin ɓera a sabon gidan, a tabbata bai kai gare shi ba.

Sai batun maƙwabta. Zaman gari ba kamar na ƙauye ba ne, gida na jikin gida, yara da almajirai na shigowa ba sallama. Kare a tsorace ya fi saurin cizo. Ki roƙi maigida ya sanar da maƙwabta cewa akwai kare, ke kuma ki ja wa yaranki kunne kada su taɓa shi yana ci ko yana barci. Cizo ɗaya ya isa ya ɓata zaman da ba a ma fara ba.

A nan ne zancen allura ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Amma akwai allurar rigakafi, ana yin ta ma a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Ana yi wa kwikwiyo daga wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Maigida ya tuntuɓi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, in da hali tun kafin a tashi, domin a gari karenku zai haɗu da karnukan da ba su da mai su.

Ki kuma san bambancin kewa da ciwo. Mai kewa zai ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu, amma yana shan ruwa, yana kaɗa wutsiya in ya ji muryarki. Wanda kuwa yawu ke dalala daga bakinsa, muryarsa ta sauya, yana cizon duk abin da ya samu, ko ƙafafunsa suka saki, a janye yara, kada kowa ya matsa, a kira malamin dabbobi. In Allah ya ƙaddara ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar. Kada a tsaya ɗaura gashin kare ko shafa toka.

Idan kuma gidan haya ne, mai gidan ya ce ba ya son kare, a damƙa shi ga ɗan'uwan da ya san shi, tare da buhunsa da kaskonsa. Barin sa a kango shi ke mayar da shi karen bola, ya zama haɗari ga 'ya'yan wasu.

Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.