Kalmar "radical": Tsattsauran ra'ayi ko neman sauyi daga tushe?

Mai sauraron labarai da Hausa ya saba jin an fassara kalmar Ingilishi "radical" da "mai tsattsauran ra'ayi", kuma da ya ji haka sai hankalinsa ya tafi ga masu ɗauke da makamai. Sai dai da wannan kalma ce masana tarihi suke siffanta Malam Aminu Kano, wanda gwagwarmayarsa ta baki ce da alƙalami da ƙuri'a.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda "radix" ke nufin saiwa. Ma'anarta ta farko ita ce abin da ya taɓa tushe. Shi ya sa likitoci ke amfani da ita wajen tiyatar da ake cire ciwon daji tare da naman da ke kewaye da shi, don kada a bar masa saiwa.

A siyasa, ta yi fice a Ingila tun ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da aka laƙaba ta ga masu neman a bai wa talaka damar kaɗa ƙuri'a. Da wannan ma'ana ta iso Arewa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta nemi a sauya tsarin mulkin En'e tun daga tushensa.

Manoman Bebeji, Kiru da Tudun Wada, da makiyayan da ke kewayen dajin Falgore a Doguwa, sun ga ma'anar a aikace. Bayan PRP ta kafa gwamnati a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Ko madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, Bature zai iya kiran sauyin da ta kawo wa noman rani da wannan kalma, ba tare da ya zargi kowa ba.

Ma'ana ta uku, wadda ta fi yawo a yau, ita ce ta masu tilasta aƙida da ƙarfin makami. Kano ta ɗanɗana irin wannan a rikicin Maitatsine na Disamban 1980. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka kuwa, kafafen labaran duniya suka ƙara jingina kalmar ga ta'addanci.

A nan haɗarin yake. Idan mai fassara ya kira ɗalibin da ke zanga-zangar lumana "mai tsattsauran ra'ayi", ya shafa masa kashin kaji, kuma a ƙasar da ke fama da matsalar tsaro, irin wannan lamba na iya jefa mutum cikin tuhuma.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai mai neman sauyi, ɗan gwagwarmaya, gagarumin sauyi, da kuma mai tsattsauran ra'ayi. Kafin a zaɓi ɗaya, wajibi ne a duba abin da mutumin yake nema, da hanyar da yake bi wajen nemansa.