Faten kwambitar da zogala: abinci mai gina jiki

Bayan yunwar shekara ta 1984, gwamnati ta yi kira ga talakawa su kama noman rani. Tun lokacin nan garake suka yawaita a ƙasar Ƙonni, da Malbaza, da Illela. Fadamar Majiya tana ba da albasa, da tumatur, da shu, da kwambitar, watau dankalin turawa. Albasar Galmi kuwa sunanta ya kai ƙasashen waje.

Amma akwai abin dubawa. Manomi yana kai kayan garka duka kasuwa, gida kuma ana nan bisa tuwo da miyar kuka. Kwambitar ba ta son zafi. In bazara ta shigo, wadda ba a saida ba sai ta ruɓe. Ga abinci yana lalacewa, ga yara suna ramewa.

A ƙasar Fotugal, cikin Turai, ana dafa kwambitar da ɗanyen ganye da naman da aka cusa cikin hanji. Naman nasu galibi na alade ne, bai halatta ga Musulmi ba. Amma dabarar tana da kyau. Uwargida tana iya yin irinta da kayan garinta.

Kayan da ake bukata don mutum 6:

Kwambitar kilo 1.
Naman sa ko na akuya, kashi ɗaya cikin huɗu na kilo.
Albasa 2, da tafarnuwa kaɗan.
Ɗanyen ganyen zogala, cikin hannu 3. In babu, a sa shu ko alayyafo.
Madara ludayi 2.
Man gyaɗa cokali 3, da gishiri, da yaji.

Yadda ake dafawa:

1. Uwargida ta wanke hannu da sabulu. Ta fere kwambitar, ta yanka ƙanana. Duk wurin da ya yi tsanwa ko ya tsiro, ta yanke shi ta yar, don yana da dafi.
2. Ta daka nama a turmi tare da tafarnuwa da yaji da gishiri. Ta cura shi ƙanana kamar ƙwan zabo.
3. Ta soya naman cikin mai har ya yi ja, ta zuba albasa.
4. Ta zuba kwambitar da ruwa, har ruwan ya rufe ta. Ta bari ta dahu, wajen minti 20.
5. Ta murƙushe rabin kwambitar da ludayi. Wannan shi ke sa romo ya yi kauri.
6. Ta zuba zogala wankakka. Minti 5 ya isa. Kada a sa kanwa, tana rage amfanin ganye.
7. Ta janye itace, wuta ta lafa, sannan ta zuba madara ta motsa. In wuta ta yi yawa, madara tana tsinkewa.

Madara sai an tafasa ta daban tukuna, don ɗanya tana ɗauke da cuta. Da rani madara tana wuya. Wadda ba ta samu ba, ta dama tunkuza da ruwa ta zuba.

Me ke cikin wannan tukunya? Kwambitar da mai suna ba da ƙarfi. Nama da madara suna gina jiki. Zogala tana ƙara jini, tana kuma kare yaro daga dundumi. Mace mai ciki da mai goyo suna bukatar duka ukun. Yaron da ya kai wata 6 ana iya ba shi, amma a ɗebi nashi kafin a sa yaji, a murƙushe shi sosai, kuma a ci gaba da ba shi nono.

Abincin da aka sa ma madara ba ya kwana. A dafa daidai ci, a ci da zafinshi.

Maigida, ranar da ya haƙe kwambitar, ya ware ta gida kafin ya ɗaure buhun kasuwa. Wanda ya karanta wannan labari kuma, ya karanta ma matan gidansu.