Fataucin Mutane: Masu Otal da 'Yan Tasha na Jos Su Ne Shaidun Farko

JOS. Kafin gari ya gama wayewa, mahaɗar Tina da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, daura da Unguwar Rukuba da Dutse Uku, ta riga ta cika da jama'a. Mai shayi ya hura wuta, mai faci ya jera tayoyinsa, 'yan keke na kiran fasinja, matan da ke sayar da abinci kuwa sun ɗora tukwane. Waɗannan mutane sun san fuskar kowa a wurin, kuma da wuya baƙo ya wuce ba su lura da shi ba. Wannan sani nasu shi ne abin da masu yaƙi da fataucin mutane a ƙasashe da dama suka gane cewa yana da daraja, domin mai safarar yaro ko yarinya ba ya tashi sama da su. Dole ya hau mota, ya sha mai, ya ciyar da su a hanya, in dare ya yi masa kuma ya nemi masauki.

Fataucin mutane kasuwanci ne, kuma mai riba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya, sa'an nan a rahotonta na 2024 ta ce haramtacciyar ribar da ake samu daga irin wannan aiki ta kai dalar Amurka biliyan 236 a kowace shekara. Kaɗan daga cikin wannan kuɗi yakan bi ta hannun mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba: kuɗin mota, kuɗin ɗaki, kuɗin tuwo.

Jihar Filato na cikin wuraren da dillalan ke sa wa ido, kuma dalilan a bayyane suke. Rikice-rikicen Jos na Satumban 2001, Nuwamban 2008 da Janairun 2010 sun raba iyalai da dama da muhallinsu da jarinsu. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Mangu a 2023, da na jajibirin Kirsimeti na wannan shekarar a Bokkos da Barikin Ladi, sun bar marayu da zawarawa masu yawa, a yankin da ya yi suna wajen noman dankalin Turawa. A kan haka sai ga tsadar rayuwa da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Uwar da ke zaune a sansanin gudun hijira da 'ya'ya biyar, in wata mata mai tsabtar tufafi ta zo ta ce za ta kai ɗaya daga ciki Ikko ko Fatakwal ta sa ta makaranta, ba ƙaramin ƙarfin zuciya take bukata ba kafin ta ce a'a. Wasu yaran kan ƙare a aikatau ba albashi, wasu a gonaki, wasu 'yan matan kuma a gidajen karuwai na garuruwan haƙar zinariya a Mali da Burkina Faso da Gana. Ko a cikin jihar ma, sa yara aiki a ramukan kuza na cikin dalilan da Gwamna Caleb Mutfwang ya bayar lokacin da ya dakatar da haƙar ma'adinai a watan Fabrairun 2025.

Ta fuskar doka, Nijeriya ba a baya take ba. Ta amince da yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000, kuma a 2003 ta kafa hukumar hana fataucin mutane, wato NAPTIP, bayan fafutukar da gidauniyar WOTCLEF ta Hajiya Titi Abubakar ta yi. An yi wa dokar gyara a 2005, aka sake ta baki ɗaya a 2015. Akwai abubuwa biyu a cikinta da ya kamata kowane mai sana'a a bakin hanya ya sani. Na ɗaya, ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne da ke jawo ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai, kuma laifin ya haɗa da wanda ya yi jigilarsa da wanda ya ba shi masauki don wannan manufa. Na biyu, kotu na da ikon ƙwace dukiyar da aka yi amfani da ita wajen aikata laifin, har da mota. Ga direban da ke biyan kuɗin motarsa kaɗan-kaɗan, wannan ba maganar wasa ba ce.

Horar da ma'aikatan otal da na sufuri ba sabon abu ba ne a waje. Tun 1998 ƙungiyar ECPAT ta ƙasar Suwidin ta fito da ƙa'idojin kare yara waɗanda kamfanonin yawon buɗe ido ke sa wa hannu. A Amurka an kafa wata ƙungiya a 2009 musamman don wayar da kan direbobin manyan motoci da ma'aikatan wuraren da suke yada zango. Kamfanin otal-otal na Marriott ya wajabta wa ma'aikatansa wannan horo a 2017, Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2018 da ta tilasta wa otal-otal ba ma'aikata horon aƙalla minti 20 a kan lamarin. Minti 20 ke nan, bai kai lokacin da motar haya kan ɗauka tana lodi a tashar hanyar Bauchi ba.

Sai dai darasin Kalifoniya ba zai yi aiki a Jos yadda yake ba. A ƙasar Hausa da tsaunukan Filato, yaro ya yi tafiya ba tare da iyayensa ba abu ne na yau da kullum. Akwai riƙo, inda gwaggo ko kawu kan ɗauki ɗan ɗan'uwa. Akwai almajirai da malaminsu. Akwai yaran da ake danƙa wa direba amana ya sauke su wajen dangi. In aka ce wa ɗan kamasho ya tuhumi duk babban da ya zo da yaran da ba nasa ba, to, sai dai a rufe tashar. Abin da horo mai kyau ke koyarwa shi ne lura da alamun da suka taru wuri guda. Mace ɗaya da yara shida masu kusan shekaru ɗaya, ba su kama da juna, ba su jin harshenta. Yarinya da ba ta san sunan garin da za a kai ta ba, ko sunan wadda ta kira gwaggonta. Babban da ke amsa duk tambayar da aka yi wa yaro, yana riƙe da wayarsa da takardunsa, yana raka shi har ƙofar bayan gida. Mutumin da ke dawowa tasha kowane wata da sababbin fuskoki. A otal kuwa, mai shara ya fi manaja ganin gaskiya: ɗakin da aka hana a share kwana da kwanaki, maza na shiga suna fita, yarinya ƙarama da ba ta taɓa fitowa ita kaɗai ba, wani dabam ke biyan kuɗin ɗakinta da tsabar kuɗi kowace safiya.

Alama ɗaya ba hujja ba ce, kuma a nan ne Jos ta bambanta da sauran wurare. Gari ne da rikici ya raba unguwanninsa bisa addini, kuma yankin Tina da Dutse Uku na cikin wuraren da suka ɗanɗana wannan tashin hankali. Ihun "ɓarawon yara" a irin wannan mahaɗa, in wanda ake zargi ɗan wancan ɓangare ne, na iya zama abin da ba wanda zai iya kashe wutarsa kafin magariba. Saboda haka rabin horon ya kamata ya tsaya kan abin da ba a yi. Ba a tara jama'a, ba a tare mutum da sanda, ba a yi wa yarinya tambayoyi a gaban wanda ya kawo ta. Abin da ake so shi ne ma'aikaci ya riƙe lambar mota, da lokaci, da kamanni, da inda aka dosa, ya sanar da shugaban tasha ko manajansa cikin sirri, su kuma su kira 'yan sanda ko NAPTIP, wadda ke da gajeriyar lamba ta 627. Bayanin da ya isa kafin mota ta kai Akwanga ya fi dukan da za a yi wa mutum a bakin titi amfani ga yaran da ke ciki.

Akwai kuma batun aljihu, wanda masu shirya tarurrukan bita kan tsallake. Ɗan kamasho na samun nasa ne daga kujerun da ya cika, kuma mace mai yara shida babbar ciniki ce. Yaron da ke karɓar baƙi a ƙaramin masauki, wanda albashinsa sau da yawa bai kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, ya san cewa in ya kori mai biyan kuɗi, shi za a kora. Horon da ya tsaya kan ƙananan ma'aikata, bai kai ga mai otal da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW ba, ɗora wa mara ƙarfi kaya ne kawai. A nan gwamnatin jiha na da sanda a hannunta, domin a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Ikko, cewa rajista da ba otal-otal lasisi hurumin jihohi ne. Babu abin da zai hana a sa horon ma'aikata, da ajiye littafin sunayen baƙi, cikin sharuɗɗan sabunta lasisi. Jihar na da Dokar 'Yancin Yara tun 2005, tana kuma da Hukumar Daidaiton Jinsi, wadda ta sha karɓo yaran da aka ceto daga wasu jihohi.

Abin da ya faru a Kano ya nuna tsawon hanyar da yaro kan bi. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka bayyana cewa sun gano yara tara da aka sace daga unguwannin Kano aka sayar da su a Anacha ta Jihar Anambra, an canza musu suna, wasunsu sun manta Hausa. A 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Tafiya daga Kano zuwa Anacha ta wuce kilomita 700, kuma kowane ɗaya daga cikin yaran nan a mota aka kai shi, ta tashoshi da gidajen mai da rumfunan abinci.