Alƙaluman Kogin Haɗeja: Daga Sandar Awo Zuwa Allon Kwamfuta

Kowace shekara idan watan Agusta ya raba tsakiya, tambaya guda ce ke bakin mutanen Ringim da Taura da Miga da Auyo da Kafin Hausa, har zuwa Haɗeja da Guri da Kirikasamma, watau ruwa nawa ne ke tafe, kuma yaushe zai iso. Manomin shinkafa yana son ruwan ya hau fadama a hankali yadda shuka za ta bi shi, masunci yana son ya malala da faɗi, mai gida a bakin jinga kuwa addu'arsa ita ce ya wuce salin alin. Amsar wannan tambaya tana cikin alƙaluman awon kogi, kuma a zamanin nan ofisoshi da yawa sun koma duba irin waɗannan alƙaluma a allon kwamfuta, an jera su cikin jadawali mai launi-launi. To, ya kamata ma'aikacin Gwamnati da ɗalibi su san yadda ake karanta wannan allo, domin yana iya faɗakarwa, yana kuma iya ruɗarwa.

Da farko bari mu tuna yadda kogin yake. Kogin Kano da na Calawa ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano cikin 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, da girman da zai ɗauki kusan mita biliyan 2 na ruwa a ma'aunin tsawo da faɗi da zurfi. Cikin 1992 aka gama ta Calawa, wadda ke ɗaukar wajen rabin haka. Masana sun ƙiyasta cewa madatsun nan biyu su ne ke riƙe da kimanin kashi 80 daga cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa cikin 1976, ita ke kula da su. Bayan garin Haɗeja kogin yakan rarrabu cikin fadama, wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, sauran ya nemi haɗuwa da ruwan Jama'are su zama Kogin Yobe kafin Gashuwa.

Tun farkon shekarun 1960 ake rubuta tsayin ruwan nan a wurare irin su Wudil da Gashuwa. Aikin ba shi da wani asiri. Ana kafa sanda mai zane-zanen santimita a bakin kogi ko jikin gada, a ɗauki mutum guda ya riƙa zuwa yana duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi. Kowane rubutu yana ɗauke da abu uku: wuri, da lokaci, da adadi. Idan aka jera su kwana bayan kwana, shekara bayan shekara, su ne ake kira jerin alƙaluman lokaci. Ba sabon abu ba ne a duniya. A tsibirin Rauda da ke birnin Alƙahira har yanzu akwai rijiyar awon Kogin Nilu da aka gina cikin 861 Miladiyya, zamanin Halifa Mutawakkil, kuma da abin da ta nuna ne hukuma kan san ko shekara za ta yi albarka, har ta yanka haraji.

Abin da ya sake a yau shi ne wurin ajiya da hanyar tambaya. Ana zuba alƙaluman cikin rumbun kwamfuta, wasu ma na'urar da ke bakin ruwa ce ke aiko su da kanta ta hanyar wayar salula. Daga nan sai manhaja, irin su Grafana da ta fito cikin 2014, ta ɗebo abin da aka nema ta shimfiɗa a allo, ko da zane mai hawa da sauka, ko da jadawali mai layi-layi, kowace tasha da layinta. Amma fa kwamfuta abin da aka tambaye ta kaɗai take amsawa. Mai tambaya ne zai faɗi tashar da yake nufi, da tsakanin ranar kaza da ranar kaza, da kuma yadda za a dunƙule alƙaluman.

A wajen dunƙulewar nan ne aka fi yin tuntuɓe. A ce, alal misali, ruwa ya yi kwana 27 yana tsaye a mita 3, sa'an nan ya yi kwana 3 a mita 5. Idan aka ce wa kwamfuta ta kawo matsakaicin watan, za ta rubuta mita 3.2, allo ya nuna kore, kowa hankalinsa ya kwanta. Alhali kuwa waɗannan kwana 3 su ne suka karya jinga suka kwashe gero. Mai rabon ruwan noman rani matsakaici yake bukata, gaskiya ne, amma mai tsaron gari daga ambaliya ƙololuwa yake bukata, da kuma bambancin jiya da yau. Jadawalin da aka yi don gargaɗi, in babu layin da ke nuna santimita nawa ruwa ya ƙaru cikin awa 24, to ado ne kawai.

Sai kuma maganar gurbi. Littattafan awo na kogunanmu suna da giɓi mai yawa, musamman daga shekarun da kuɗin aiki ya yi ƙaranci: ruwa ya tafi da sanda, ko ba a biya mai dubawa ba, ko littafi ya ɓace. Abin takaicin shi ne, ranar da ruwa ya fi hauka ita ce ranar da aka fi kasa isa wurin sanda. Wata manhajar takan cike gurbi da sifiri, wata ta ja miƙaƙƙen layi daga awon ƙarshe zuwa na gaba kamar ba abin da ya faru a tsakani. A Kogin Haɗeja wannan babban kuskure ne, domin sifiri yana da ma'anarsa ta gaskiya. Kafin a gina Tiga, kogin kan ƙafe da rani har a taka yashinsa da ƙafa. Bayan Tiga ne ya koma gudana shekara zagaye saboda ruwan da ake saki. Ɗalibin da ya ga sifiri a layin watan Maris na wata shekara dole ya san ko kogi ne ya ƙafe, ko kuwa mai littafi ne bai zo ba. Gurbi a bar shi gurbi, a sa masa alama. Haka nan kowane adadi a allo ya zo da ranarsa da sa'arsa a gefe, don kada a yanke shawarar yau da awon makon jiya.

Akwai wata matsalar da ta fi waɗannan ɓoyewa. Sanda tsayi take aunawa, ba yawan ruwan da ke wucewa ba. Don a san mita nawa ke wucewa cikin daƙiƙa guda, sai ma'aikata sun shiga kwalekwale ko sun tsaya bisa gada sun auna saurin ruwa da zurfinsa a lokuta dabam-dabam, su fitar da lissafin da ke danganta tsayi da yawa. Wannan lissafi yana aiki ne muddin cikin kogin bai sake ba. To, na Haɗeja ya sake ƙwarai. Ruwan da ya daina ƙafewa ya ba ciyawar kacala damar kafuwa, ita kuma ta tare yashi da laka, hanyoyin ruwa suka toshe, har ya zama kaɗan ne daga ruwan Haɗeja ke kaiwa Gashuwa, yawancinsa ya karkata Marma da Nguru. Saboda haka ruwan da a da zai wuce ba a ji labarinsa ba, yanzu yana iya hawa gonaki. Idan kwamfuta tana amfani da tsohon lissafi, za ta fitar da adadi mai kyan gani har da ɗigo biyu bayan lamba, amma ba na kogin da ke gabanmu ba ne. Kuma kada a manta, kowace sanda da inda sifirinta ya fara. Mita 4 a Wudil ba ita ce mita 4 a Haɗeja ba.

Duk da haka, alƙaluman da aka adana da kyau sun riga sun yi wa yankin nan aiki. Hotunan sama da awon da masu bincike suka tattara, musamman ƙarƙashin shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru da aka soma cikin 1987, su ne suka nuna cewa malalar da ta haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969 da 1974 ta dawo ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Da wannan hujja aka yi ta kiran a riƙa sakin ruwa da damina don amfanin masu fadama, ba masu noman rani na sama kaɗai ba. Cikin 2006 kuma Jihohi shida, watau Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauci da Filato, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa na kula da kogunan, bayan an yi ƙididdigar ruwan da ke akwai da masu bukatarsa.

Inda allon zai fi amfani shi ne wajen gardamar da ke tasowa bayan kowace ambaliya, kamar ta 2001 da ta 2020 da ta 2022. Mutanen ƙasa sukan ce an buɗe musu Tiga da Calawa ne, masu kula da madatsun kuma su ce cika suka yi suka tumbatsa, ga kuma ruwan sama da ke shiga kogin a ƙasan madatsun. Hukumar kula da al'amuran ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara tun 2013, amma wannan hasashen na damina ne gaba ɗaya, yana ambaton Ƙananan Hukumomi, ba ya gaya wa Dagacin wani ƙauye a Auyo abin da zai same shi ranar Laraba. Abin da zai yi wannan shi ne jadawali guda mai layi huɗu ko biyar: tsayin ruwa a Tiga, da Calawa, da Wudil, da madatsar da ke kusa da Auyo, da gadar Haɗeja, kowane da awon yau da na jiya da sa'ar da aka ɗauka. Ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil sai ya yi kwanaki kafin ya iso Haɗeja, kuma cikin waɗannan kwanaki ne matasan gari kan cika buhuna da ƙasa su ƙarfafa jinga, kamar yadda suka yi dare da rana a 2022. Irin wannan jadawali bai kamata ya tsaya a ofishin Darakta ba. A karanta shi a gidan rediyo da safe, a aika wa Hakimai da Sakatarorin Ƙananan Hukumomi ta waya, a kuma tabbata an biya mutumin da ke duba sanda haƙƙinsa kafin damina ta faɗi.