Lambar Da Ke Bakin Yadi: Yadda Ake Auna Darajar Ulun Merino

A kasuwar Wuse da ta Garki, cikin birnin Abuja, akwai rumfunan da ba a sayar da kome a cikinsu sai yadin kwat da na kaftani. Idan aka warware bandir za a ga rubutu an saƙa shi a bakin yadin, wani an sa Super 120s, wani Super 150s, wani ma har 200. Mai rumfa yakan nuna lambar da yatsa ya ɗora kuɗi a kanta. Mai saye kuwa, ko ma'aikacin gwamnati ne, ko lauya, ko ango mai shirin biki, sai ya shafa yadin ya murza, ya biya, ba tare da ya san abin da lambar ke faɗi ba. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, gama kwat guda takan ci yadi uku zuwa huɗu, ban da ladan tela.

Lambar nan tana da ma'ana. Ita ce ƙarshen wani dogon awo da ake farawa tun daga ranar da aka saisaye tunkiya, a wata ƙasa mai nisa. Wanda ya san yadda ake wannan awo zai san abin da yake biya, zai kuma gane ranar da aka so a sayar masa da roba da sunan ulu.

ASALIN TUNKIYAR

Ulu, watau gashin tumaki da ake kaɗawa a yi zare, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin fataucin Sahara attajiran Kano sun san mulufi da jauha, da su ake ɗinka alkyabba da kayan adon doki. Amma ulun da ya fi kowanne daraja a duniya yau shi ne na wata irin tunkiya da ake kira Merino.

Asalinta daga ƙasar Sifen ne. Sarakunan ƙasar sun daɗe suna hana a fitar da ita waje, don kada wasu su sami irin, sai a ƙarni na 18 aka sassauta. Ta isa Afirka ta Kudu a 1789, daga can kuma aka kai ta Ostareliya a 1797. Yanzu Ostareliya ce kan gaba wajen samar da lallausan ulun sutura. Fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da take fitarwa ƙasar Sin ke saye, sauran ya tafi Italiya da Indiya da wasu ƙasashe. Saboda haka yadin da ke Wuse, ko daga ina aka saƙo shi, muddin ulun Merino ne na gaske, da wuya a ce awon Ostareliya ko irinsa bai bi ta kansa ba.

AIKIN MAI TANTANCEWA

Ana saisaye tunkiya galibi sau ɗaya a shekara. Gwanin saisaya yakan cire gashin gaba ɗaya a haɗe, kamar an tuɓe mata riga. Sai a shimfiɗa shi a kan wani babban tebur, a zagaye gefensa a cire na ciki da na ƙafafu da duk inda fitsari ko kashi ya ɓata. Waɗannan ba a zubar da su, amma ana tara su dabam, kuɗinsu ma dabam.

Daga nan sai mai tantancewa ya karɓa. Shi mutum ne da ya yi karatun aikin, yana da rajista da lambar hatimi tasa ta kansa. Yakan ciro ɗan tsagi ya duba laushinsa da tsawonsa da farinsa, ya kama bakinsa biyu ya ja ya ji ko zai tsinke. Sa'an nan ya ware, iri ɗaya wuri ɗaya. Ana danne kowane kashi a cikin dila mai nauyin wajen kilo 180, a buga mata sunan gona da hatimin wanda ya tantance. In daga baya aka sami algus a ciki, an san wanda za a tambaya.

A zamanin da, idon wannan mutum da hannunsa su ne ƙarshen magana. Masu masaƙu na garin Biradfod a Ingila suna da wani lissafi nasu: sarin zare nawa, kowanne mai tsawon yadi 560, za a iya kaɗawa daga laba ɗaya ta ulu. In an ce lamba 64, ana nufin sari 64 ke nan. Duk macen da ta taɓa riƙe mazari ta san hikimar abin, domin kaɗar da za ta ba da ɗan guntun abawa, in mai kyau ce, ita ce za ta ba da doguwar arafiya. Gwargwadon sirantakar gashi, gwargwadon tsawon zaren da zai bayar.

AWON NA'URA

Ido yakan yi kuskure, wani lokaci ma yakan yi son kai. Don haka aka kafa hukumar gwajin ulu ta Ostareliya a 1957, kuma tun farkon shekarun 1970 aka koma sayar da ulu bisa takardar gwaji da ɗan samfur. Ana soka wani bututu mai kaifi cikin kowace dila a ɗebo na tsakiya, a kai ɗakin gwaji. Abubuwa biyar ne manya da ake dubawa.

Na farko, kuma uban sauran, shi ne kaurin silin gashi. Ana auna shi da wani ma'auni mai suna maikiron. In aka raba milimita ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shi ne maikiron ɗaya. Gashin kan mutum yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Ulun Merino kuwa yawancinsa bai wuce 24 ba. Wanda ke tsakanin 20 da 23 shi ne matsakaici, na wajen 19 lallausa ne, wanda ya gaza 18 da rabi kuwa shi ake kira lallausan gaske. Akwai ma makiyayan da ke fitar da na ƙasa da 15, amma kaɗan ne ƙwarai. Dalilin da ya sa ake damuwa da wannan shi ne, siririn sili yana lanƙwasawa in ya taɓa fata, mai kauri kuwa, wanda ya haura maikiron 30, sai ya soke ta. Wannan shi ne ƙaiƙayin da mutane ke ji a jikin tsohon bargo ko rigar sanyi mai araha lokacin hunturu.

Na biyu shi ne abin da zai rage bayan wanki. Gashi yana zuwa da maiƙo da gumi da ƙura. Alal misali, in makiyaya biyu suka kawo kilo ɗari ɗari, na ɗaya aka wanke ya rage 70, na ɗayan ya rage 55, to ba daidai suke ba ko da laushinsu ɗaya ne. Shi ya sa ake faɗin farashi a kan kilon wankakken ulu. Maiƙon ma ba a yar da shi, ana tace shi a sa a cikin man shafawa.

Na uku tsawo. Masu yin yadin kwat sun fi son wanda ya kai milimita 70 zuwa 100, domin shi ke tajuwa sosai ya ba da zare sumul. Gajere yakan tafi wajen masu barguna da rigunan sanyi.

Na huɗu ƙarfi. A nan ne gashi ke tona asirin makiyayi. In tunkiya ta sha yunwa lokacin fari, ko ta yi ciwo, gashin da ya tsiro a waɗannan makonni yakan sirance ya yi rauni, ya bar tabo a tsakiyar silin. Da an sa shi a inji sai ya tsinke daga nan. Na'ura tana auna ƙarfin da ake bukata kafin ya tsinke, tana kuma faɗin inda ya tsinke. Wanda ya tsinke a tsakiya ya fi muni, don ya zama guntaye biyu.

Na biyar datti irin na tsiro, watau ƙaya da 'ya'yan ciyawa, 'yan'uwan ƙarangiya. In sun yi yawa sai an sa magani an ƙone su, wannan kuwa ƙarin kashe kuɗi ne da za a cire daga farashi. Har wa yau ana duba fari. Baƙin sili ɗaya tak yakan ɓata farin yadi, don ba ya karɓar rini kamar sauran.

RANAR GWANJO

Da takardar gwaji ta fito sai a kai ulu gwanjo. Ana yin sa kusan kowane mako a biranen Sidni da Melbon da Firimantil. Masu saye ba sa ganin dilolin, samfur da takarda kawai suke dubawa, su yi ta taya. Siririn ulu na maikiron 17 sau da yawa yakan ninka mai kauri na maikiron 28 sau uku ko fiye a kuɗi. A can ƙasa, wajen lallausan gaske, bambancin rabin maikiron ma kuɗi ne.

Farashi yana hawa yana sauka. A watan Agusta na 2018 ma'aunin kasuwar ya kai santi 2,116 na kuɗin Ostareliya a kan kilo, daga baya ya faɗo ƙwarai a 2020 lokacin annobar korona, da mutane suka daina zuwa ofis suka rage sayen kwat. Kafin wannan, Ostareliya ta taɓa gwada tsayar da farashi da ƙarfin hukuma. Shirin ya rushe a 1991, ya bar dila miliyan huɗu da dubu ɗari bakwai a sito, ba a gama sayar da su ba sai 2001. Sun daina tsayar da farashi, amma ba su taɓa sakin awo ba.

MA'ANAR LAMBAR WUSE

Ƙungiyar masu sana'ar ulu ta duniya ta tsara abin da kowace lamba ke nufi. Super 100s ulu ne da bai wuce maikiron 18.75 ba. Super 120s bai wuce 17.75 ba, Super 150s kuwa 16.25. Duk ƙarin goma a lamba ragin rabin maikiron ne. Bisa ƙa'idar, kalmar Super ta zallan sabon ulu ce, ba a sa wa yadin da aka gauraya da roba.

To, akwai abubuwa biyu da ya kamata mai saye ya riƙe. Na farko, lambar sirantakar gashi kaɗai take faɗi. Ba ta faɗin nauyin yadi ko kyan saƙa. Mai babbar lamba ya fi laushi da sheƙi, amma ya fi saurin cinyewa a gwiwa da gwiwar hannu. Ma'aikacin da zai sa kwat kullum yana hawa mota yana sauka, 100 ko 120 ta fi masa amfani, kuma a zafin Abuja gara ya tambayi mara nauyi.

Na biyu, saƙa lamba a bakin yadi ba wuya gare shi ba, kuma ba kowane mai saƙawa ke jin tsoron ƙa'ida ba. In aka ga babbar lamba da ƙaramin kuɗi, a tuna araha ba ta ado. Akwai tambarin Woolmark, mai kama da curin zare, wanda aka fito da shi a 1964 don shaidar zallan ulu, amma shi ma akan kwaikwaye shi. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a roƙi mai rumfa ɗan zare daga bakin yadin a kusanta shi da ashana. Ulu yana ƙauri irin na gashi, wutar takan mutu da kanta, tokarsa kuma tana murjewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Har ila yau, in aka damƙe ulu a hannu aka saki, yakan warware da kansa. Wanda aka cuta yana iya kai ƙara ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda hedikwatarta ke nan Abuja, don haka a riƙa karɓar rasit mai faɗin irin yadin.

ME YA HANA NAMU?

Wanda ya je kasuwar dabbobi ta Dei-Dei gab da Babbar Salla ya ga raguna kamar ƙasa, zai iya tambaya me ya sa ba mu da ulu. Amsar ita ce tumakinmu, 'Yankasa da Uda da Balami, masu gajeren gashi ne mai kauri wanda ba ya kaɗuwa. Nama da fata ake kiwonsu dominsu, jikinsu kuwa ya dace da zafinmu. A yankin Masina na ƙasar Mali ne ake da tumaki masu ulu, wanda masaƙan Fulani ke yin barguna da shi, amma mai kauri ne, ba na kwat ba.

An taɓa gwadawa a nan gida. A zamanin Jihar Arewa an yi wani shiri a Katsina na haɗa Merino da tumakin gida, aka kuma buga sakamakon binciken fatunsu da gashinsu a 1967. Kasuwar ulu dai ba ta kafu ba. Dabba mai dogon gashi tana bukatar makiyaya mai tsabta, kiwon sake a cikin ƙarangiya kuwa zai lalata gashin kafin ranar saisaya.

Amma awo da rarraba kaya ba baƙon abu ba ne gare mu. Dattawan Funtuwa da Zariya da Gusau suna tune da kasuwar auduga, inda malami ke duba kaɗa ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, kowace da kuɗinta. Wannan ne ya sa manomi ke zama da iyalinsa suna tsince datti kafin ranar kasuwa. Da aka rushe hukumomin ciniki a 1986 awon ya yi rauni, mai kyau da maras kyau suka koma kusan kuɗi ɗaya, sai tsincewa ta zama wahalar banza, wasu ma suka shiga zuba ruwa da yashi don ƙarin nauyi. Haka fatar jar akuyar Sakkwato, wadda duniya ta daɗe da sanin kyanta, yankan wuƙa ɗaya wajen fiɗa yakan zubar da darajarta, amma mahauci ba zai kula ba sai in ya san za a biya shi kulawar.

Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, makiyaya da 'yan kasuwar fata suna jiran su ga abin da za ta yi. Cikin ayyukan da ke gabanta akwai wannan: ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi, masu tantancewa da aka horar kuma aka san sunansu, da takardar da za ta bi kaya daga kasuwar ƙauye har bakin jirgi. Makiyayin Ostareliya yana ciyar da tunkiyarsa da rani ne domin ya san na'ura za ta gani, gwanjo kuma zai biya. Namu ma zai yi haka ranar da ya tabbata lamba ɗaya ta fi lamba biyu kuɗi.