Jinkirin Haƙori Ga Yaro: A Duba Maƙogwaro

Jama'a, a al'adarmu idan yaro ya yi jinkirin fitar da haƙori sai a ce gado ne, a bar shi. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma wani lokaci bakin yaro yana ba da labarin wata cuta ce da ke ɓoye a wuyansa.

A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod, da Larabci kuma gudda darakiyya. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Ruwan da take zubawa cikin jini shi ke tafiyar da girman ƙashi da ƙwaƙwalwa da haƙora, kuma ba ta iya yin sa sai da sinadarin aidin, wato yod.

Yawanci haƙorin farko yana fitowa a wata 6, ashirin ɗin su cika kafin shekara 3, a fara famfara a shekara 6. Idan tsokar nan ta gaza, sai haƙora su makara, famfara ta yi jinkiri, sababbin su fito a cunkushe da raunin ɓawo, harshe kuma ya yi kauri. Idan ta yi aiki fiye da kima, sai famfara ta zo da wuri. Haƙori dai alama ce kawai. Babbar asara tana ƙwaƙwalwa. Mu malaman makaranta mun san yaron da ke barci a aji, gajere, ba ya riƙe karatu, ana dukansa a kan laifin da ba nasa ba.

Abin ya shafe mu a nan Gadarif. Binciken gidaje na ƙasa da aka yi a 2014 ya nuna ko gida ɗaya cikin goma a Sudan bai kai ba wajen amfani da gishiri mai isasshen aidin. Binciken da aka yi a Darfur da kudancin jihar Nilul Azrak kuma ya danganta yawan cin gero da maƙoƙo. Ba a ce mu bar fura da kunu ba, a gyara gishiri dai.

To, mene ne abin yi? A sayi gishirin leda wanda aka rubuta yana da yod, a rufe shi daga rana da laima, musamman a gidan da ke da mai ciki ko mai shayarwa. Jaririn da shawara ta daɗe masa, ga yawan barci da taurin bayan gida, a kai shi asibiti da gaggawa, domin maganin ya fi amfani idan an fara shi a makonni biyu na farko. Yaron da ya kai wata 18 ba haƙori ko ɗaya, a nemi gwajin jini na TSH. Maganin ƙwaya ce ƙarama da ake sha kullum.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuriya.