Amsoshin Wasiƙunku: Ko Za A Iya Hana Kwamfutar Situdiyo Sabunta Kanta?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga ƙasar Funtuwa, ya rubuto mana yana cewa ya sayar da masararsa ya buɗe wa ɗansa ƙaramin situdiyo na ɗaukar waƙoƙin biki da tallace-tallace. Damuwarsa ita ce kwamfutar kan tsaya ana tsakiyar aiki ta ce wai tana sabunta kanta, ta cinye data, wani lokaci ma ta mutu ta sake tashi alhali mawaƙi na tsaye gaban makirufo, janareto kuma na shan mai. Shi ne yake tambaya ko akwai hanyar kashe wannan abu gaba ɗaya.

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya sanya albarka a sana'ar yaro. Shawararmu a taƙaice ita ce kada a kashe abin gaba ɗaya. A karɓe linzami daga hannun kwamfutar, ya zama yaron ne ke zaɓen ranar da za ta sabunta.

Bari mu fara da mene ne sabuntawar. Yawancin kwamfutocinmu suna aiki ne da babbar manhajar nan Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka. Kamfanin kan aiko da gyare-gyare ta intanet, musamman ranar Talata ta biyu a kowane wata. Wasu na toshe kafofin da ɓarayi da cututtukan kwamfuta ke shigowa ne, wasu kuma sabon fasali ne kawai. Ka ɗauke ta kamar allurar rigakafin shanu. Ba mai hankalin da zai ce ya daina yi wa shanunsa allura, amma kuma ba wanda zai yarda a tsayar masa da sa a tsakiyar kunya ranar huɗa don a yi masa ita.

Me ya sa mai ɗaukar waƙa ya fi kowa jin jiki? Dalili shi ne sauti ba ya jira. Kwamfutar na karɓar muryar mawaƙi daƙiƙa bayan daƙiƙa, to in hankalinta ya rabu wajen sauko da gyara, sai ka ji ƙas-ƙas ko yankewa a cikin waƙar. Na biyu, akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba, wato tafinta tsakanin kwamfuta da akwatin sautin da ake jona makirufo. Sabuntawa kan iya musanya wannan tafinta, sai a wayi gari akwatin ya yi shiru. Irin haka ta sami masu kwamfutar Apple a 2019, lokacin da sabon tsarin Catalina ya daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32, kayan kiɗa da yawa suka ƙi buɗuwa. A watan Oktoba na 2018 kuwa, Microsoft da kansa ya janye wata sabuntawa ta Windows 10 bayan ta goge wa wasu mutane fayilolinsu.

To yanzu ga abin da yaro zai yi. Da farko ya shiga wurin saiti, ya nemi inda aka rubuta Windows Update. A nan akwai wurin dakatar da sabuntawa har tsawon mako 5, wato kwana 35. In aiki ya taso, kamar lokacin bukukuwa bayan kaka ko gabanin Salla, sai ya dakatar tun kafin ya fara. A Windows 10, idan wa'adin ya cika, sai an bar ta ta sabunta kafin a sake dakatarwa.

Na biyu, a wannan wuri dai akwai inda ake gaya wa kwamfutar sa'o'in aiki, har sa'a 18 a rana. In ya saka mata daga takwas na safe zuwa sha biyun dare, ba za ta kashe kanta ta tashi a cikin wannan tsakani ba.

Na uku, maganar data. In da waya yake ba ta intanet, ya shiga saitin wannan layi ya kunna abin da aka rubuta Metered connection, wato ya sanar da ita cewa datar awo ce, ba ta banza ba. Da ya yi haka za ta bar sauko da yawancin gyare-gyaren, sai ƙalilan waɗanda take ganin na dole ne. Wanda kuma Windows ɗinsa nau'in Pro ce, mai gyaran kwamfuta na iya saita masa ita ta riƙa neman izini kafin ta sauko da komai.

Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce a cire intanet lokacin ɗaukar murya. Kwamfutar da ba ta kan layi ba ta da inda za ta samo sabon gyara.

Amma fa jama'a a yi hattara, kada garin gyaran gira a rasa ido. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Alhali kuwa tun watan Maris na shekarar aka fitar da maganinta, waɗanda ba su sabunta ba su ne ta kama. Kwamfutar situdiyo kuma kullum ana cusa mata fulash da memorin mutane daban-daban, ta nan ma cuta na shiga ko babu intanet. Ka ga in waƙar amarya ta salwanta ana gobe kamu, ba data kaɗai aka yi asara ba, har da mutunci a gari.

Saboda haka a ware rana guda a wata wadda ba aiki. Da farko a kwafe dukkan waƙoƙi a wata ma'ajiya ta daban. Sannan a tabbata akwai wuta ko isasshen mai, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa na iya lalata Windows ɗin. In ta gama, a jona makirufo a buɗe tsohon aiki guda a gwada. Idan babbar sabuntawa ce kuma ta kawo matsala, akwai kwana 10 da za a iya komawa tsohon tsarin. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na ƙarshe, Alhaji, a duba wace Windows ce a kwamfutar. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. In ita ce a ciki, ko dai a koma Windows 11 bayan an tabbata akwatin sautin zai yi aiki da ita, ko kuma a raba kwamfutar da intanet a bar ta da aikin waƙa kaɗai.

Da fatan mun gamsar da kai. Masu sauraro a ci gaba da aiko da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.